Na Tafi Ɗauko Bulus Daga Bakin Rijiya

Talata: Maradi zuwa Kornaka

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fita daga gida, Inna ta rako ni har ƙofa da carbinta damƙe a hannu. Aike ɗaya ta yi mini: in je Dakoro in taho da ƙanena Bulus, ko da a ɗaure ne. Shekara huɗu ke nan Bulus yana haƙar rijiya a ƙasar makiyaya, arewa da Dakoro. Mako biyu da suka wuce labari ya iso mana cewa wata rijiya ta rufta da wani mai irin aikinsa, tun ranar abinci bai ƙara yi wa Inna daɗi ba. Mun yi ta waya, Bulus yana ce mana lafiya lau. Na ce zuwa da kai ya fi aike. Na ma riga na samo masa gadin wani shago a Maradi, kuma na tabbatar wa Inna cewa yaron da na goya a bayana ba zai tsallake maganata ba.

Ku da muke zama benci ɗaya a majami'a kun san halina. Ni Tereza tela, ko addu'a nake yi sai na auna wa Allah tsawo da faɗi, in nuna masa inda zai yanka. A tasha, kafin mota ta cika, na tsara wa Allah komai: kada taya ta fashe, Bulus ya amince kafin la'asar, mu kwana Maradi ran Laraba.

Mun tashi ƙarfe shida da minti ashirin, mu goma sha tara da buhunan albasa a sama, kuɗin mota kowa jikka uku na sefa. Bayan Tibiri jandarma suka duba katunanmu, muka karkata arewa. Ƙarfe takwas da rabi muka tsaya Kornaka. Na sayi fura wajen wata dattijuwa, ta tambaye ni inda za ni, na gaya mata.

"Masu gina rijiya ai Allah ke riƙe da su, ɗiyata," in ji ta.

Na ce mata Allah da yayarsu. Ta yi dariya har ta ƙara mini nono.

Dakoro zuwa bakin rijiya

Mun shiga Dakoro ƙarfe goma da kwata, bayan kilomita ɗari da ashirin da 'yan kai. Ban tsaya kallon kasuwar dabbobi ba. Na sayi cuku da sukari don kada in je wa mutane hannu biyu, na hau babur ɗin kabu-kabu. Awa biyu muka yi cikin rairayi, sau uku ina sauka in taka da ƙafa. Ƙarfe ɗaya muka hango tulin jar ƙasa, da ƙarafa uku a tsaye bisa bakin rami, da raƙuma kwance a gefe.

Wanda ya tarbe ni shi ne Baba Agali, shugaban aikin, dattijon Buzu mai rawani har hanci. Ya ce Bulus yana ƙasa. Na leƙa, ban ga komai ba sai duhu, ga wani sanyi yana tasowa. Zurfin gaba talatin ne, in ji shi. Na zauna inda nake.

Da aka jawo Bulus ya fito ja wur da ƙasa, haƙora kawai ke fari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi Inna. Ban jira ya sha ruwa ba na sauke masa duk abin da na zo da shi. Ya saurara har na gama, sannan ya nuna mini waɗansu mata can nesa da jakuna da bidodi, wato jarkokin ruwa. Ya ce tun asuba suka tafi neman ruwa, sai yanzu suke dawowa, kuma shi kaɗai ne cikin ma'aikatan ya iya jera zoben siminti a ƙasan rami.

"Yaya, ki kwana ki ga yadda muke aiki. In kin gani kin ce in tahi, sai mu tahi."

Na yarda, don na san abin da zan ce tun kafin in gani. Matar Baba Agali ta shimfiɗa mini tabarma a bukkarta, muka ci tuwon hatsi, aka yi shayi har zagaye uku.

Laraba: a bakin rijiya

Ƙarfe shida ma'aikata sun gama sallarsu, Bulus ya fara nasa shiri. Ya bi babbar igiya da yatsu tun daga kai har ƙarshe, taku-taku, kamar yadda nake bin ɗinki. Ya zura fitila mai wuta har ƙasa, ya jawo ta tana ci, alamar akwai iskar shaƙa. Ya ɗaura ɗamara, ya sa hular kwano. Sai ya tsaya a bakin ramin, ya yi alamar gicciye, ya buɗe tafukan hannunsa duka biyu. Ina kusa, na ji abin da ya ce:

"Ubangiji, kai ka yi ni, kai ka yi ƙasar da zan shiga. Abin da hannuna ya iya na yi. Saura naka ne, da ni da shi."

Shi ke nan addu'ar. Na ji haushi. Ko roƙon a fito da shi lafiya bai yi ba.

Ban da babbar igiya akwai wata siririya da ake kira igiyar alama, don murya ba ta isowa sama sosai daga wannan zurfi. Ja biyu, a ɗago guga. Ja uku, haɗari, a fito da mutum maza. Bulus ya ce a ba ni ita in riƙe. Na naɗe ta a hannu sau biyu, na matse har yatsuna suka yi fari.

Minti ashirin shiru. Igiyar ta miƙe tsam saboda yadda nake janta, hannuna kuwa rawa yake. Can na ji kamar an fizga, an fizga, an sake fizga. Na kurma ihu a fito da shi. Mutum huɗu suka hau murɗa ƙarfen da ke naɗe babbar igiya da dukan ƙarfinsu. Saurin ya yi yawa, Bulus ya bugu da bangon rijiya, ya fito kafaɗarsa a goge tana jini.

Bai ja komai ba. Rawar hannuna ce na ji. Shekara huɗu rijiya ba ta fitar masa da jini ba, sai ni da na zo cetonsa. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai, kuka ya ƙwace mini. Shi kuwa yana dariya yana cewa ya fara taɓa ƙasa mai laima, na katse masa daɗi.

Na miƙa wa Baba Agali igiyar, ya ƙi karɓa. Ya warware ta daga hannuna, ya buɗe tafina, ya ɗora ta a kai kawai.

"Ɗiyata, ba ke ke riƙe da shi ba. In kin matse, kanki za ki ji. Saki hannu, sai ki ji shi."

Aka wanke ciwon aka ɗaure, Bulus ya sake bin igiyarsa, ya sake sauka. Na tsaya da tafi a buɗe. Na nemi jerin buƙatun da na saba karanta wa Allah, na ga babu wanda ya yi daidai da wurin. Sai na ari addu'ar ƙanena, na ce: kai ka yi shi, naka ne. Ban daina jin tsoro ba, amma hannuna ya daina rawa. Ƙarfe tara da minti biyar igiyar ta motsa a tafina, sau biyu, sarai ba shakka. Aka ɗago guga cike da jiƙaƙƙen yashi yana ɗiga. Matan da ke tsaye nesa suka rangaɗa guɗa.

Da yamma ya zo ya zauna kusa da ni, ya ce, "To Yaya, mi kika ce?" Na ce masa ya riƙa kiran Inna duk Lahadi, kuma kada ya kuskura ya tsallake ko taku ɗaya na igiyar nan.

Alhamis: komawa gida

Kafin gari ya waye ruwa ya taru a ƙasan rijiyar, Bulus ya cika mini ƙaramar kwalba. Na bar wurin ƙarfe shida, na samu mota a Dakoro ƙarfe tara. Taya ta fashe kafin Kornaka, muka yi awa guda ƙarƙashin wata aduwa, na zauna a inuwa ban yi ƙorafi ba. Ƙarfe biyu da rabi na sauka Maradi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Baba Agali da iyalinsa da suka karɓe ni kamar tasu.

Inna tana zaune a tsakar gida. Ta dubi bayana, ba ta ga kowa ba, ta ƙara damƙe carbinta. Na durƙusa na ba ta labari duka, har da ciwon kafaɗar da wanda ya jawo shi. Sannan na kama hannunta, na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na ɗora mata kwalbar a tafi. Ta daɗe tana kallon ruwan, jar ƙasa ta kwanta a gindinsa.

"Ni na haihe shi," ta ce, "amma ba ni na yi shi ba."

Ta yi alamar gicciye, ta buɗe kwalbar ta sha. Sai ta ce in ɗumama mata tuwon jiya, yunwa take ji.