Gyaran Suwic a Gaban Surukina

Ban daɗe da aure ba, wata safiya matata ta miƙo min wayarta ta ce Baba ne yake son magana da ni. Surukina yana da injin casar shinkafa a bakin titin Kura, kuma tunda na auri 'yarsa ban taɓa zama da shi fiye da tsawon gaisuwa ba. In durƙusa, in gaishe shi, in sulale. Ya ce kwamfutocin wurinsa sun daina magana da juna, sikeli ba ya aika nauyi ofis, ga manoma sun cika harabar. Ya ji an ce aikina ke nan a Kano, ko zan leƙo? Na ce to, Baba.

Lokacin girbin shinkafar rani ne. Na tarar da a-kori-kura jere tun daga ƙofa, maƙare da buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, wasu daga Bunkure, wasu daga ƙauyukan bakin kanal ɗin ban ruwa. Ya fito da kansa ya tarbe ni, ya ce wa mutanen da ke tsaye, "Ga injiniya ya iso, yanzu za a gama." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Suwic ɗin, wato akwatin da wayoyin dukan kwamfutocin suke haɗuwa a jikinsa, yana ƙarƙashin teburin surukina ne, dab da ƙafafunsa. Na zaci zai fita ya ba ni wuri. Sai kawai ya ja kujerarsa baya kaɗan ya zauna, akawunsa ya tsaya a bakin ƙofa. Haka na cire hula, na naɗe hannun riga, na rarrafa ƙarƙashin teburin.

Fitila ɗaya ce ke ci a jikin akwatin, sauran duk a mace. In suwic ya kai haka, ba a samunsa ta netwok. Akwai wata 'yar kafa daban da ake kira kwansol, ta nan ake soka kebul a haɗa shi kai tsaye da kwamfuta a ji abin da ke damunsa. Na soka, na buɗe allon rubutu, na danna. Babu ko harafi ɗaya. Na canza kebul, shiru. Na duba, ashe kwamfutata ba ta gane mahaɗin kebul ɗin da na sa mata ba. Na sake ɗora masa manhajarsa, na zaɓi kafar da ta dace. Duk wannan ina tsugune, gumi yana ɗiga daga haɓata, ina kallon takalman surukina.

Aka kawo fura mai sanyi aka ajiye kusa da ni. Maƙogwarona ya bushe ƙamas, amma yaya zan ɗaga kwano in sha a gabansa? Na ce alhamdulillahi, na ƙoshi.

Da rubutu ya fito kuma, shirme ne, wasu alamomi barkatai da ba sa karantuwa. Surukina ya sunkuyo ya ce, "Wane yare ne wannan?" Na ce, "Ba yare ba ne, Baba. Akwatin yana magana da sauri, tawa kwamfutar tana saurare a hankali." Na san wani ya taɓa saurin, don ba haka suke zuwa daga kamfani ba. Na bi matakan saurin ɗaya bayan ɗaya har na dace, rubutu ya daidaita. Abin da ya faɗa bai yi daɗi ba: manhajar da suwic ɗin yake tashi da ita guntuwa ce, ba ta gama shiga ba.

Akawu ya ce jiya wani mai gyara ya zo daga birni, ya yi aiki ya tafi da yamma. Na karɓi lambarsa na kira. Wayata ta faɗi kwanakin baya, ba a jin magana sai a sifika, kuma ban yi tunanin fita waje ba. Mutumin ya ce shi ya ƙara saurin, ya bar tsohuwar kwamfutar ofis tana tura sabuwar manhaja, ya kuma ce kada a taɓa wuta har safe. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Wane mara kan gado ne ya kashe wutar?"

Akawu ya juya yana kallon waje. Surukina ya gyara zama, ya ce a hankali, "Ni ne. Kullum in zan tashi ni nake kashe komai da hannuna."

Na katse wayar, ban ma yi sallama ba. Ni na jawo aka zagi mahaifin matata a ofishinsa, a gaban ma'aikacinsa. Na buɗe baki in ba da haƙuri, na rasa ta inda zan fara, don ba da haƙurin ma kamar maimaita zagin ne. Sai na koma ƙarƙashin tebur.

Ina da irin manhajar a kwamfutata. Na goge guntuwar, na fara tura cikakkiya ta wannan siririn kebul, aikin da ba ya sauri ko kaɗan. Muka zauna mu biyu muna kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana tafiya kamar ba ya motsi. Da aka kira azahar muka tafi masallaci, na tsaya can sahun baya.

Bayan la'asar manhajar ta gama shiga. Na mayar da saurin yadda yake tun asali, na sake tayar da suwic ɗin. Fitilu suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, aka leƙo daga wajen sikeli aka ce nauyi ya shigo.

Ina naɗe kebul, surukina ya ce, "Malam, nuna min wanda ba a kashewa." Na nuna masa soket ɗin, na liƙa jan salatif a kai. Ya duba sosai, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka, in gaida gida.

Matata ta tambaye ni yadda aka yi, na ce an gyara. Sai bayan sati ta dawo daga gidansu tana dariya, ta ce Baba da kansa ya ba su labarin, har yana kwaikwayon muryar mutumin. Ni ban iya dariyar ba. Na yi watanni ina zaɓar lokacin da na san yana wajen injin kafin in je gaida surukata.