Daminar da na jira sunana

Har yau in na ji ƙanshin man shanu da aka narkar, sai in ji kamar an dafa kaina za a fara tsaga kitso. Mai karatu, in kai ba ɗan fari ba ne, ka gode wa Allah, sannan ka saurara.

Ni 'yar fari ce, a wani ƙauye kusa da Baure. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Kunya ake ce wa abin, kuma yabon mace ake yi da shi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, mahaifiyar babana. Ita ke min wanka, ita ke tsokanata wai na cika ci. Mahaifiyata kuwa tana can tsallaken tsakar gida. In ta kama dole, sai ta ce "ke", ko "'yar tsohuwa". Ƙanena da ke bi na, sunansa ba ya barin bakinta tun safe har yamma.

Shekarun da aka fara Shari'a ne, wa'azi ko'ina. Wata rana wani malami ya ce a rediyo wannan kunyar ba addini ba ce. Kakata ta taɓe baki ta ce, "Shi ma ai an yi masa, ga shi ya girma har yana cika mana kunne." Mahaifiyata ta ci gaba da tankaɗenta.

A daminar wannan shekarar ne aka yanke cewa zan koma Daura wurin baffana in shiga makaranta. Ana cikin haka gwaggona ta haihu a Mai'adua, kakata ta tafi zaman jego. Maza suna gona tun sassafe. Gida ya rage daga ni sai mahaifiyata sai ƙanena.

Kwanakin farko ko kallona ba ta yi sosai. Sai wata hantsi, bayan an ɗauke ruwa, ƙasa na ƙanshi, ta leƙa zaure ta dawo, ta ce, "Ke, zo nan." Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta warware min kai, ta shafa man shanu. Ban taɓa sanin hannunta yana da laushi haka ba. Daga ranar kullum muna tare. Mu tsinko rama a bayan gida, ta koya min murza tsakin dambu, ta gasa min masara ta ɓare min da hannunta. Ita ta ɗinka min ƙaramin hijabin makaranta, tana gwada min tana dariya wai na zama malama. Amma da ta ji motsi a zaure, sai ta janye jikinta. Kuma har a lokacin "ke" ce.

Ni kuwa sunana nake so. Sai na yi dabara irin ta yara: na shige cikin geron bayan gida na lafe, na ce yau dole ta kira ni. Na ji ta fito. Na ji ta duba wajen rijiya, ta duba bayan rumbu, tana ta kira. "Ke! Ke! Kina ina?" Babu kowa a gidan da za ta ji kunyarsa, sai kaji. Na jira har ƙafata ta sage, sauro ya gama da ni. Da ta gano ni, ta zuba min dundu, ta ƙanƙame ni tana kuka. Sunan dai bai fito ba.

Ranar da kakata ta dawo, ta juya kaina ta duba, ta ce, "Wa ya yi wa yarinyar nan kitso mai kyau haka?" Na buɗe baki da murna zan faɗa. Mahaifiyata ta riga ni, idonta a ƙasa: "Matar maƙwabta ce, Inna." Wallahi dundun bai yi min zafin wannan ba. Da baffana ya zo da babur ɗaukata, kakata ce ta raka ni ƙofar gida. Mahaifiyata kuwa tana madafa, ba ta fito ba.

Yanzu ina aure a Daura, 'yata ta fari za ta shiga makaranta bana. Ina goya ta a gaban kowa, ina kiran sunanta har maƙwabta su gaji. Tsofaffi suna cewa 'yan zamani ba mu da ta ido, ni ko a jikina. Mahaifiyata tana nan da ranta. Na taɓa tuna mata waccan daminar, ta kawar da kai ta ce ita ba ta tuna ba. Tana da wayar hannu, amma ba ta iya neman lamba ba, sai ƙannena su nemo mata. Na tambayi autarmu me take cewa in ni take so. Ta yi dariya ta ce, "Cewa take, ku kira min waccan." Ni ban yi dariya ba.