Tabon da ke bayan kunnena

Ɗazu jikata tana taje min kai ta ce, "Hajiya, wannan tabon fa?"

Ana gobe bikin samun 'yancin kai ne, a gidanmu na unguwar Ɗan Iya. Makaranta ta sa an rage mana gashi, ni kuwa na kafe sai an miƙar min da shi kafin fareti. Yaya Ladi ta aro matajin ƙarfe ta tura cikin garwashi, alhali Baba ya hana.

"Riƙe kunnenki," in ji ta. "Gashin gajere ne, kina motsi fata zan kama."

Ƙauri ya cika tsakar gida. Sai ga gyaran muryar Baba a zaure.

Ban san lokacin da na zube ƙasa zan gaishe shi ba. Ƙarfen ya manne min a bayan kunne.

Baba ya dubi matajin, ya dubi hawayena. Muna jiran faɗa, sai ya ce:

"Ke da wuta a kanki, gaisuwar guduwa za ta yi? Ladi, ƙarasa mata."

Allah ya jiƙan Baba. Har yau in na ji gyaran murya, hannuna kunne yake zuwa. A cikinku, wa kuma irin matajin nan ya bar wa shaida?