Saƙon da Ban Aika Ba

Shekarun baya, shekarar da ta biyo bayan rasuwar mai gidana, wani abu ya same ni a cikin motar kasuwa tsakanin Affala da Tawa. Ni ban yi lakwal ba, ko harafi ɗaya ban sani ba. Ƙanwata ce ke rubuta muku wannan ina faɗa mata, na kuma ce idan kuka ya tsayar da ni ta jira, kada ta ƙara nata.

Ina da ɗan fari, namiji. Ku matan yanzu kuna rungume 'ya'yanku na fari har ku ɗauki hoto, mu ba haka muka tashi ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zama hira da shi. Kunya ce, haka muka tarar. Ni kuwa na riƙe ta fiye da kowace mace a garinmu, har ana ba da misali da ni, ina ta jin daɗi. Idan ya durƙusa ya gaishe ni, sai in amsa ina kallon tukunya.

Duk abin da nake son faɗa masa, ta bakin mahaifinsa yake bi. Da ya girma ya koma Tawa koyon ɗinki har ya buɗe shagonsa, sai abin ya zama na kowace Lahadi. Mai gidana zai tafi kasuwar dabbobi, ni kuma in ɗaure masa kuka da busasshiyar kuɓewa, in ce ya ce wa yaronsa ya riƙa sa riga don sanyi ya shigo, ya ce wa yaronsa ya daina wasa da cikinsa. Da yamma ya dawo ya ce ya faɗa masa, yaron ya ce ya ji.

Ana nan sai labari ya iso gari cewa an ga yaron da gurumi yana waƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mu manoma ne tun kakanni, babu maroƙi a danginmu, kuma matan bakin rijiya sun fara yi min tambayar da ta fi zagi zafi. Na ce wa mai gidana ya ce wa yaronsa ya aje gurumin nan, yana kunyata mu. Ya tafi ya dawo, ya ce ya faɗa masa. Yaron bai aje ba. Na sake aikawa, na kuma sake, shekara da shekaru, amsar ɗaya ce. Sai na ɗauka ya raina maganata, na ƙara janye jikina daga gare shi.

Mai gidana kwana huɗu kawai ya yi a kwance, bayan an gama zuba gero a rumbu. Har yau idan Lahadi ta yi hannuna yakan kai ga tsumman da nake ɗaure masa kuka kafin in tuna. Ban san haka gida ke yin faɗi ba sai da ya tafi.

Ina cikin takaba yaron yana zuwa duk mako. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ya gaishe ni, in amsa, sai mu yi shiru. Ina ganin ya rame, ina ganin wuyan rigarsa ya yi masa yawa, maganar tana nan a bakina, amma babu wanda zan ba wa ya kai. Ya gaji da zama ya ce zai koma, in ce ya gai da gida. Bayan na fita takaba zuwan ya koma na wata-wata, daga baya watan ma yakan wuce. Na san ina rasa shi a hankali, ban san yadda zan yi ba.

Wata Lahadi na shiga mota zan je Tawa duba ƙanwata da ba ta jin daɗi. An matse mu a baya, buhunan albasa da awaki a sama. Mun ɗan yi nisa direba ya kunna waƙa. Gurumi ne shi kaɗai, babu ganga, babu 'yan amshi. Da muryar ta fito sai na gane ta, domin uwa ko ba ta kiran suna ta san murya.

Wata mata da ke kusa da ni, mai sayar da atamfa, ta ce wannan shi ne abin da suke ce wa albam, wato waƙoƙi da yawa a haɗe, kuma shi ne na farko da wani tela ya fitar. Ta ce bai wasa mai kuɗi ko ɗaya a ciki ba, abin da ke ransa kawai yake faɗa, game da fari, da abokansa da suka tafi biɗar kuɗi ba su dawo ba, da mutuwar ubansa. Ta ce wa direba ya sa waƙar Lahadi. Ga abin da na ji, ban manta ko kalma ɗaya ba:

Ran Lahadi ina duban hanya,
Mai kawo saƙo bai zo ba.
Inna ta ce ka sa riga,
Inna ta ce ka ci tuwo,
Inna ta ce muryarka da daɗi, kada ka bari.
Baba, tun da ka kwanta
Ban san abin da Inna ke cewa ba.

Riga na sani, tuwo na sani. Na ukun ban taɓa faɗa ba. Nan take na gane abin da mai gidana ya yi ta yi duk shekarun nan. Ina ba shi magana mai ɗaci a ƙofar gida, kafin ya isa Tawa ya juya ta.

Na ja mayafi na rufe fuska. Mai atamfa ta tambaye ni lafiya, na ce albasar nan ce. Albasar da ke cikin buhu, a saman mota, ba a ko yanka ta ba. Ta yi min kara ta ƙyale ni.

Abin da ya fi yi min ciwo shi ne yabon da aka shiga yi min. Direba ya ce uwar wannan tela ta cika uwa, da tasa ce da ta fasa gurumin a kansa. Wani dattijo ya ce albarkar bakin uwa ce ke bin yaron. Ina zaune a tsakiyarsu ana sa min albarka a kan maganar da ba tawa ba. Mai atamfa ta juyo ta ce an ce ɗan wajen Affala ne, ko na san shi.

Na ce, "Na san ubansa."

Da muka sauka a tasha ban nufi gidan ƙanwata ba. Na tsayar da ɗan kabu-kabu, ni da ban taɓa hawa babur ba, na ce ya kai ni shagon tela mai gurumi. Na riƙe rigarsa da hannu biyu ina salati har muka isa. A hanya ban san me zan ce ba. Idan na faɗi gaskiya na ƙwace masa abin da ubansa ya bar masa, idan na yi shiru na koma inda nake.

Na same shi a kan keken ɗinki. Da ya gan ni ya miƙe a firgice, ya ɗauka wani ne ya mutu, sannan ya durƙusa. Babu tukunyar da zan kalla, sai na kalli fuskarsa. Ashe har furfura ta fara fito masa a gemu ban sani ba.

Na ce, "Na ji waƙar a mota. Muryarka da daɗi. Kada ka bari."

Ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Inna, ai Baba ya sha gaya mini."

Na ce, "Wancan na ubanka ne. Wanga nawa ne."

Bai gane ba a ranar. Ya sayo min fura, na sha, na ce masa ya rame, ya ce aiki ne, na ce ƙarya ne rashin ci ne. Hirarmu ta farko ke nan, yana da 'ya'ya uku.

Sai bayan damina, yana zaune a ƙofar ɗakina, na faɗa masa ainihin saƙon da nake aikawa. Ya saurare ni har na gama. Daga baya ya ce da Baba ya kawo masa shi yadda yake ko sau ɗaya, da a ranar zai sa gurumin a wuta, domin bai taɓa tsallake maganata ba. Ni da na yi shekaru ina cewa ya raina ni.

Ban ce kunyarmu banza ce ba, da ita aka rene mu, kuma har gobe bakina ba ya iya kama sunansa, na gwada ni kaɗai a ɗaki abin ya ƙi. Amma yanzu idan ina da magana ni nake faɗa masa, mai daɗi da marar daɗi, ya ji ta daga bakina.

Wanda nake wa kuka shi ne mai gidana. Mutumin nan kowace Lahadi yana dawowa da ƙafafu duk gajiya, ya zauna ya cire takalmi, ya dube ni ya ce ya faɗa masa. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba tsawon zamanmu sai wannan, ita ma sai da ƙasa ta rufe shi. Na so a ce ya ƙara ko kwana ɗaya, in yi masa faɗa, sannan in gode masa.