Na Ukun da Malam Buba Bai Samu Ba

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tara littattafanmu a bayan ofis aka cinna musu wuta ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci sabo. Lokacin ina mataimakin jami'in laburare, ni ke kula da teburin aro a wani laburaren jama'a a nan Bauchi.

Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, kun san abin da muke kira tankaɗe. Akan bi kantoci a fitar da littafin da ba mai nemansa don a samu wuri. Wanda ya yage saboda yawan hannu kuwa ɗinke shi ake yi, ba a fitar da shi. Masu karatunmu ma sun saba taya mu. Mutum zai ari littafi bangonsa na reto, ya dawo da shi ɗinke da zaren buhu, an yi masa riga da takardar tsohuwar kalanda. In ka ga littafi da rigar kalanda, to layi ake bi a kansa.

Cikin masu yin haka akwai Malam Buba, wani dattijon Bafulatani mazaunin Tirwun. Matarsa Inna Dija ta daɗe a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ba ta yi boko ba. Shi ke karanta mata labaran Hausa bayan la'asar. A lokacin suna kan wani tsohon labari mai littafi uku da aka daina bugawa. Da ya zo ɗaukar na biyu ya ce, "Malam Garba, a ɓoye mini na ukun. Tsohuwar nan yanzu ba ta cin tuwo sai an karanta mata." Na ɗora shi a kantar ajiya da ke bayan kujerata.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon shugaba daga wata ma'aikata, mutumin da ban taɓa ganin ya buɗe ko jarida ba. Aka ce manyan baƙi za su zo duba wurin. Ya zagaya kantoci yana yatsine fuska.

"Waɗannan tsummokaran fa?"

"Ranka ya daɗe, su ne aka fi ara."

"Ai shi ya sa suka koma haka. A kwashe su, kada a kunyata ni gaban baƙi."

Na ce ƙa'ida ba ta ce haka ba. Na roƙe shi ko a sito ne a zuba su har baƙin su tafi. Ya ce ya ji, sannan ya aike ni hayar kujeru da rumfa. Ina dawowa na hango hayaƙi tun daga bakin titi. Sito wai ya cika, don haka ya sa masu shara su ƙona. Har kantar ajiya ba su bari ba. Na tsaya ina kallon rigunan kalanda suna nannaɗewa cikin wuta.

A gurbinsu aka jera wasu manyan kundaye na Turanci da aka ba mu kyauta, ko ledarsu ba a cire ba. Baƙi suka zo, suka sha lemo, suka ɗauki hoto a gabansu, suka yaba tsabta, suka tafi. Ko mutum ɗaya bai tambayi me jama'a ke karantawa ba.

Washegari sai ga Malam Buba a kan kekensa, da na biyun a cikin leda saboda yayyafi. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "To ni me zan ce mata? Jiya muka tsaya inda yarinyar ta shiga jirgin ruwa."

Na zagaye masu sayar da tsofaffin littattafai daga Ƙofar Wambai har bakin kasuwa, na yi waya Kano da Jos, babu. Da na koma wa shugaba da maganar, cewa ya yi, "A ba shi wani mana. Littafi ai littafi ne."

Bayan ɗan lokaci Malam Buba ya dawo. Ya ce ya gaji da yi mata ƙaryar an ara, sai ya riƙe wani littafi daban ya ƙirƙiro mata ƙarshen da kansa, ya kai yarinyar gida lafiya. Inna Dija ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Buba, wannan kai ne, ba littafin ba ne." Ta juya fuskarta bango. Daga ranar ba ta sake cewa a karanta mata komai ba, shi ma tun daga wannan zuwan bai sake tako laburaren ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan aiki namu ba gara ko ɗigar rufi ce babbar abokiyar gaba ba. Shugaban da ke jin kunyar littafin da aka karanta ya fi su ɓarna. In an ba ku umarnin kwashe tsoho, ku fara tambayar wa ke jiransa, ko da tambayar za ta jawo muku takardar gargaɗi.