Makon Da Na Amsa Gaisuwar Ladi

Har gobe ban manta da makon da na tsare ƙofar Ladi ba. Ku sababbin zuwa ku saurara, don ba na maimaita magana.

Ni ce mai shara da riƙe makulli a ofis ɗin nan na Zuru tun buɗe shi. Ban yi boko ba, amma ina da ido. A lokacin aikinmu shi ne koya wa kwamfuta gane cutar dawa daga hoton ganye. Cikin injin akwai wani kati mai saurin lissafi, GPU suke kiransa, amma a hannunmu tafiyar hawainiya yake. Oga ya ce in bai yi sauri ba kafin Juma'a, aikin zai koma Abuja, a rufe nan.

Ladi, ƙaramar injiniyarmu, aka ba gyaran. Na same ta ta rafka tagumi.

"Mi ya faru, ɗiyata?"

"Mama, bayanin katin yana intanet, amma duk inda na latsa sai a ce shafin babu shi. Masu shi sun tashi ba su bar adireshi ba."

"To sai ki zauna?"

"Sai dai in rubuta wa katin umarninsa da kaina. Kanel ake ce masa. In gwada, ya ƙi, in sake. Amma in aka katse ni, komai zubewa yake daga kaina."

Ga shi a makon ne yayanta soja ya dawo daga fagen daga lafiya. Kun san mutanenmu: ba a barin barka ta kwana, kuma ba a korar mai gaisuwa. Har ofis masu barka suke biyo ta, daga Rikoto, daga Mahuta.

Na ja kujera na zauna bakin ƙofa. Duk wanda ya zo, ni ke amsawa: ya gida, ya gona, ya mai dawowa. In ba shi ruwa, in raka shi titi. Kawunta, tsohon sajen soja, ya tsaya yana hura hanci.

"Ni za a tare a ƙofa, Iya?"

"Saje, kai ka taɓa barin gadi don a gaishe ka?"

Ya yi dariya, ya ce in faɗa mata ta riƙe wuya.

Ranar Alhamis ta gwada kanel ɗin gaban Oga. Hotunan da ke cin wuni suka ƙare kafin shayinsa ya huce. Ya ce ta tafi gida ta huta. Ta ƙi, sai da ta rubuta yadda ta yi, dalla-dalla, ta ajiye cikin injin ofis don na baya. Sannan ta fito ta ce, "Mama, su wa suka zo?" Na lissafa mata, ranar Asabar ta bi su gida-gida.

Abin da na koya ke nan: wannan aiki shiru yake ci kamar yadda janareta ke cin mai, kuma mai yin sa nagari ba ya tashi bai bar adireshi ba. Bayanin Ladi ne kuke karantawa yau. In kun ga kujerata a bakin ƙofa, ku gaishe ni, ku wuce.