Ina Kaka Za Ta Kwanta?

Jiya na kai wa Kawu Sani ruwa zaure, sai ya miƙo min wayarsa. "Hauwa, zo ki raba mana gardama."

Kawu dillalin shanu ne a kara, jif yake son saya. Hoton guda biyu ya nuna mana, ni da abokansa da ke zaune. Ɗaya mai tsada ce, ɗayar ta fi ta nesa ba kusa ba. Bayanta kujeru biyu ne kamar na falo, da ɗan firji a tsakani. Ita abokansa suke ta zuga shi ya saya.

Na sunkuyar da kai, da ƙyar maganar ta fito. "Kawu, to ina Kaka za ta kwanta?"

Ni nake raka ta asibiti Kano. Ciwon baya ba ya barin ta ta zauna, sai ta miƙe ta ɗora kai a cinyata.

Wani ya tuntsire da dariya. "Alhaji, mota za ka saya ko gado?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Uwata ce. Mai doguwar kujerar za a kawo."

Ku fa, in za ku zaɓi abu, wa kuke fara tunawa?